Kafin Ka Ba Da Kafin Alƙalami: Yadda Ake Lissafa Ainihin Kuɗin Manhajar Intanet a Saudiyya

Tun bayan ƙaramar Salla tambaya ɗaya ake ta maimaita mini. Masu kargo na Jidda sun yi ta, masu shagunan abaya da turare a Makka sun yi ta, har da wani bawan Allah da ke aika dabino daga Madina. Duk maganar ɗaya ce: "Malam, mutum uku sun ba ni farashi. Na farko ya ce WordPress, riyal 6,000. Na biyu ya ce Laravel, 22,000. Na uku ya ce React da Node, 40,000, wai shi ne na zamani. Wanne zan ɗauka?"

Ba na amsawa nan take, don waɗannan lambobi uku ba kuɗin abu ɗaya ba ne. Kamar ka tambayi kuɗin aure ne a gaya maka sadaki kaɗai, a bar lefe, a bar hayar gida, a bar cefanen kullum. Kuɗin ginin manhaja shi ne sadakin. Ga yadda ake fito da sauran. Zan riƙe misalin mai kargo da ke ɗaukar kayan alhazai daga Jidda zuwa Kano, amma Hajiya mai abaya ma hanyar da za ki bi ke nan.

1. Rubuta aikin a takarda ɗaya

Kada ka fara da sunan fasaha. Zauna da wanda ke tsaye a kan sikeli da wanda ke rubuta rasit, ku rubuta abin da ake yi tun daga shigowar kaya har a damƙa wa mai shi: a auna, a rubuta suna da lambar waya, a ba da lambar bibiya, a karɓi kuɗi, a fitar da fatura (takardar lissafin ciniki), a sanar da mai kaya ranar da ya sauka a Kano. Rubuta mutum nawa za su yi aiki da manhajar, ofis nawa, kaya nawa a rana ta yau da kullum, nawa kuma a goman ƙarshe na Ramadan da makonnin komawar alhazai.

Wannan takarda ita za ka miƙa wa duk wanda zai ba ka farashi, ba ƙari ba ragi.

Hattara: farashin da aka ba ka a baki, ko a saƙon murya na WhatsApp, ba farashi ba ne. Na 6,000 ɗin nan mai yiwuwa shafi ne mai hoto da lambar waya yake nufi, kai kuma kana nufin abin da zai riƙe maka lissafin ofis biyu.

2. Gane ko haya kake so, ko na kanti, ko ɗinki

Zaɓin bai wuce uku ba, kome yawan sunayen da za a jero maka.

Akwai haya: dandamali irin Salla da Zid na nan Saudiyya, ko Shopify na waje. Kana biya wata-wata, su ke riƙe da saba (kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta) da tsaro da sabuntawa. Akwai na kanti da ake ɗan gyarawa, wato WordPress da WooCommerce da tarin fulogin ɗinsu (ƙananan manhajoji da ake ɗora musu don ƙarin aiki). Akwai kuma ɗinki daga yadi: Laravel na yaren PHP, Django na Python, Node da React na JavaScript, ko .NET na Microsoft.

In sayar da kaya kawai kake yi, mutum ya zaɓa ya biya a kai masa, to ni dai ban ga dalilin ɗinki ba. Gwada haya tukuna. Ɗinki na wanda aikinsa ba ya shiga rigar kowa ne, kamar mai kargo da ke caji da kilo, yana haɗa kayan mutum ashirin a dauri ɗaya, yana karɓar rabin kuɗi a Jidda rabi a Kano.

3. Buɗe teburin shekara uku

Excel ya isa, ko littafi mai layi. Kowane tayi ya samu nasa gurbi. A gefe ka jera: gini, lasisi, masauki (inda manhajar za ta zauna a intanet), haɗi da wasu kamfanoni, kula ta wata-wata, sabuntawa babba, lokacin ma'aikata, da kuɗin fita. Komai a lissafa shi a wata 36. Shekara ɗaya tana yi wa mai araha rufin asiri, shekara biyar kuma ta yi nisa ga hasashe.

Abin da aka faɗa da dala ka ninka da 3.75, tunda riyal a ɗaure yake da dala a wannan farashi tun 1986. Wannan wata ni'ima ce da 'yan uwanmu na gida ba su da ita, don su kuɗin saba yana iya ninkawa ba tare da sabar ta ƙara komai ba.

Hattara: ɗariba. Tun watan Yulin 2020 harajin kaya da ayyuka kashi 15 ne cikin ɗari. Tambayi kowa ko farashinsa ya haɗa da ita. A kan 22,000 kaɗai riyal 3,300 ce. In kuma wanda zai yi maka aikin yana Kano ko Alƙahira ne, akwai harajin da ake riƙewa daga kuɗin da mu'assasa (kamfani) ke biyan wanda ba mazaunin ƙasar ba. Akantanka ya gaya maka nawa ne kafin ku ƙulla. Ku kuma tsayar da farashin da riyal ko dala, kada naira ta haɗa ku faɗa.

4. Tono lasisin da aka ɓoye

PHP, Python, Node, Laravel, Django, React, WordPress, PostgreSQL da MariaDB duk kyauta ne. Shi ma .NET kyauta ne, kuma yana aiki a kan Linux. Inda kuɗi ke shigowa shi ne in mai aikin ya ɗora shi a kan Windows Server da SQL Server, waɗannan na biya ne, kuma nau'in SQL Server na kyauta yana da iyakar girma. Java ma haka: OpenJDK kyauta ne, amma tun Janairun 2023 Oracle ke lissafa kuɗin nata Java da yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, ba da yawan masu amfani da ita ba.

WordPress kuwa a fulogin take cin mutum. Na yare biyu, na tsaro, na ajiyar kwafi, na fom, na fatura, kowanne da kuɗinsa na shekara. Ka sa a rubuta maka sunan kowane fulogin da farashin sabunta shi.

Hattara: in aka ce maka "ai ina da su kyauta", tambayi ta yaya. Sau da yawa fasassun kwafi ne da aka sauke daga wani lungu na intanet, ba sa karɓar sabuntawa, wasu ma da ƙofar baya aka saka a cikinsu. Bayanan fasfo na alhazai ba abin ajiyewa a irin wannan ɗaki ba ne.

In an ce za a yi maka manhajar waya ma, ƙara dala 99 duk shekara na Apple, wajen riyal 371, da dala 25 sau ɗaya na Google Play. Waɗannan ba su ne matsalar ba. Matsalar ita ce yanzu abu uku kake ciyarwa maimakon ɗaya. Shafin da ke buɗewa da kyau a waya ya ishi yawancin masu kargo.

5. Masauki: kuɗi tsayayye ko mita

Nan ne na fi so ka nutsu, don nan fasahohin suka fi bambanta.

Ƙaramar saba ta haya tana farawa daga wajen dala 4 zuwa 6 a wata a kamfanoni irin DigitalOcean. Laravel ko Django ko WordPress na ƙaramin kamfani suna zama lafiya a saba mai ɗan ƙarfi fiye da haka. Ka san abin da za ka biya tun farkon wata. Amma wani ne zai riƙa sabunta ta, ya duba ajiyar kwafi, ya tashi cikin dare in ta faɗi. Ladan wannan mutum yana cikin kuɗin masauki, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Ɗaya hanyar ita ce ta mita, irin Firebase da sauran ayyukan gajimare, inda ake cajinka gwargwadon abin da aka taɓa. Rumbun bayanan Firebase, wato Firestore, yana ba da karatu 50,000 kyauta a rana (karatu ɗaya shi ne ɗauko bayani ɗaya daga rumbun). Da jin sa sai ka ce ai ba zan taɓa kaiwa ba. To yi lissafi: shafi ɗaya mai nuna kaya 500, ma'aikata goma, kowa ya buɗe shi sau ashirin a yini. Karatu 100,000 ke nan, tun kafin kwastoma ɗaya ya duba inda kayansa yake. Kuɗin abin da ya hau ba shi da yawa da farko, gaskiya ne. Abin tsoron shi ne ba shi da rufi, kuma kuskure ɗaya a kod (rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi) yana iya ninka shi sau ɗari a dare guda.

Hattara: iyakar kasafi da ake saitawa a Google Cloud saƙon gargaɗi take aikowa, ba ta rufe famfo. Imel ɗin da gargaɗin ke zuwa ya zama wanda ake dubawa kullum.

Ka tambayi farashin wata mafi cunkoso, ba na watan Safar ba. Kuma kada ka gina lissafinka a kan masaukin kyauta. Heroku ta shekara da shekaru tana ba da shi, sai ta daina a watan Nuwamban 2022, dubban ƙananan manhajoji suka wayi gari sai sun biya ko su ƙaura.

Sai maganar inda bayanan ke kwana. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, aka ba da shekara guda ta shiri, hukumar SDAIA ce ke sa ido, kuma dokar ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Akwai cibiyoyi a cikin ƙasa: Oracle na da ita a Jidda tun 2020, Google a Dammam tun 2023, Alibaba a Riyad. In za ka riƙe fasfo ko iƙama (katin izinin zama) na mutane, nemi farashin masauki na cikin gida ka ajiye shi gefe da na waje, ka ga tazarar da idonka.

6. Kayan da ƙasar nan ta wajabta

Mai haɗa manhajar da bai taɓa aiki da kasuwar Saudiyya ba a nan yake tuntuɓe, kai kuma ka biya.

Karɓar kuɗi. Mutanen nan da katin mada (katin banki na cikin gida) suke biya, sai Apple Pay da STC Bank (tsohuwar STC Pay), masu sayen kaya kuma suna son Tabby da Tamara, masu raba biya kashi-kashi. Kamfanonin da ke tsakani irin Moyasar, HyperPay, Tap da PayTabs suna cirar kaso a kowane ciniki, kuma na mada ya fi na katin bashi sauƙi. Duba ko fasahar da aka zaɓa tana da haɗin da aka riga aka yi da su, ko sai an rubuta daga farko. Kada ka raina kaso: bambancin kashi ɗaya cikin ɗari a cinikin riyal 50,000 a wata, riyal 500 ne, a shekara uku 18,000.

Hattara: za su nemi sijilli, wato rajistar kasuwanci, da asusun banki na mu'assasa. Kada wani ya ba ka shawarar ara sunan ɗan ƙasa a ɓoye. Wannan shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Gyara takardu kafin ka kashe ko halala ɗaya a manhaja.

Fatura. In kana da rajistar ɗariba, wadda ke wajaba idan cinikinka na shekara ya haura riyal 375,000, to dokar faturar lantarki ta hukumar haraji, ZATCA, ta hau kanka. Matakin farko ya fara 4 ga Disamban 2021, da lambar QR a kan rasit. Mataki na biyu ya fara a Janairun 2023, ana kiran kamfanoni rukuni-rukuni su haɗa manhajarsu kai tsaye da dandalin Fatoora. Wannan aiki ne mai zaman kansa, da hatimin lantarki da tsari na musamman. A sa masa layinsa da farashinsa a cikin tayi. Jimlar "za mu duba daga baya" ita ce mafi tsada a duk yarjejeniyar.

Rubutu. Larabci daga dama yake tafiya, Hausa daga hagu, kuma muna da haruffa masu ƙugiya. Na taɓa tsayawa a wani ofis ana fitar da rasit na farko daga sabuwar manhaja. A allo komai tsaf. Da firinta ta tofo takardar, sai ga sunan mu'assasa da Larabci haruffa a warwatse, a juye, kowanne ya juya wa ɗan uwansa baya. Sunan mai kaya kuma, Ɗanladi na Ƙofar Ruwa, ya koma alamar tambaya biyu da ragowar haruffa. Dattijon da ke wurin ya ɗaga takardar ya ce, "Ɗana, wannan ko ni da na rubuta ban san na wa ba ne." Kayan fitar da PDF ɗin ne ba ya haɗa haruffan Larabci, sai da aka canja shi aka sake tsara duk rasit. Don haka ka nemi a buga maka rasit ɗaya a takarda, da sunan Larabci, da suna mai ɗ da ƙ da ɓ, da kwanan watan Hijira na Ummul Ƙura in kana aiki da shi, tun a makon farko.

Saƙonni. SMS zuwa lambar Najeriya ya fi na cikin gida tsada, kuma saƙon WhatsApp na kasuwanci da manhaja ke aikawa da kanta Meta na cajinsa. Ƙirga saƙo nawa kowane kaya zai ci, ka ninka.

7. Tambayi ranar tsufan fasahar

Kowace fasaha tana da ranar da masu ita za su daina toshe mata ɓaraka. Laravel tana fitar da babban sabon salo duk shekara, kowanne ana ba shi gyaran tsaro na shekara 2. Salon Django mai dogon tallafi shekara 3 ne, haka na .NET. Na Node wata 30 ne. Ma'ana, a cikin wata 36 ɗinka dole a yi ƙaura aƙalla sau ɗaya, ko wacce ka zaɓa. Sa mata kuɗi a tebur.

Ayyukan da ke kan JavaScript sukan dogara da ɗaruruwan ƙananan ƙunshi na wasu mutane, kuma suna saurin canjawa, shi ya sa kularsu kan fi cin lokaci. Waɗanda suka gina a kan AngularJS sun ga haka: tallafinta ya ƙare a ƙarshen 2021, kuma komawa sabuwar Angular kusan sake gini ne.

Hattara: a rubuta lambar salon da za a yi maka aiki da shi. Akwai masu ɗauko tsohon aikin da suka yi wa wani su canja masa launi, ka karɓi manhaja sabuwa a ido, tsohuwa a ciki.

8. Nemi farashin mutum na biyu

Wannan mataki shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya tak, shi zan riƙe.

Kafin ka ɗauki kowane tayi, nemo wasu masu haɗa manhaja biyu da ba su san na farko ba. Ka ce musu: "In aka ba ka aiki irin wannan da aka yi da kaza, za ka iya riƙe shi? Nawa a wata?" In ka samu mutum biyu cikin yini guda, fasahar tana da araha. In ka yi mako kana cigiya, tana da tsada ko da kyauta aka gina maka. A abin da na gani, masu PHP da WordPress sun fi sauƙin samu, a nan da Masar da Sudan da Najeriya. Masu .NET sukan taru a bankuna da manyan kamfanoni, farashinsu ma na can ne.

Ni kaina na sha wannan ruwa. Kawuna na sa wani yaro haziƙi ya yi wa manhaja, aiki mai kyau, ba laifi. Sai ya samu hurujin niha'i (bizar barin ƙasar gaba ɗaya) ya koma ƙasarsu. Bayan wata bakwai wa'adin rajistar sunan shafin ya ƙare, ana tsakiyar jigilar alhazai. Muka je sabuntawa, ashe da imel ɗinsa aka yi rajista, lambar sirri kuma tana zuwa layin wayarsa da ya mutu tare da iƙamarsa. Kawu ya kira ni da asuba: "Kai da ka kawo shi, sai ka nemo shi." Kwana tara muka yi a kan littafi da biro.

9. Lissafa kuɗin fita tun kafin shiga

Sunan shafi, asusun saba, asusun kamfanin karɓar kuɗi, da ma'ajiyar kod a GitHub ko makamancinsa, duk su zama da sunan mu'assasarka, da imel ɗinta, da lambar wayar da ke hannunka. Mai aiki a ba shi izinin shiga, kada ya zama mai gida. A rubuta a yarjejeniya cewa kod ɗin naka ne bayan biya.

Ga masu haya: tambayi ko za ka iya sauke jerin kaya, kwastomomi da tarihin ciniki a Excel duk ranar da ka so. Bayanai za su fito, amma tsarin shagon ba ya biyo ka. Firebase ma haka, barin ta zuwa rumbu irin PostgreSQL yakan zama sake rubuta babban ɓangare. Tambayi mutum na biyun nan nawa zai caja ya fitar da kai, ka rubuta a layin ƙarshe.

10. Haɗa lissafin

Lambobin nan na misali ne kawai, kai ka sa naka.

Tayin WordPress: gini 6,000, fulogin 1,500 a shekara wato 4,500, masauki 100 a wata wato 3,600, kula 500 a wata wato 18,000, ƙarin aikin fatura da lissafin kilo 8,000. Jimla 40,100.

Tayin Laravel: gini 22,000 har da fatura, masauki 150 a wata wato 5,400, kula 400 a wata wato 14,400, sabuntawa sau ɗaya 3,000. Jimla 44,800.

Tayin React da Node: gini 40,000, ayyukan mita 300 a wata wato 10,800, kula 900 a wata wato 32,400, sabuntawa 5,000. Jimla 88,200.

Tazarar 16,000 da ke tsakanin na farko da na biyu ta koma 4,700. Saura layin lokacin ma'aikata. A ce na farkon bai iya raba biya tsakanin Jidda da Kano ba, sai yaron ofis ya riƙa kwafe lissafi da hannu awa ɗaya kullum. Riyal 15 a awa, kwana 26 a wata, wata 36, ya kama 14,040. Mai araha ya tashi 54,140. Tsugune ba ta ƙare ba.

Ba ina cewa Laravel ce kullum ke ci ba. Hajiya mai abaya in ta yi wannan tebur, haya ce za ta fito gaba da rata mai nisa, don mada da fatura da Larabci duk suna ciki tun asali. Wanda kuma ke da direbobi hamsin da ake bibiya a taswira kowane minti, na ukun na iya zama nasa.

11. Gwada da ƙaramin yanki, ka biya kashi-kashi

In tayi biyu suka zo kusa da juna, kada ka yi ƙuri'a. Biya kowannensu ɗan kuɗi ya yi maka yanki ɗaya cikin mako biyu: a shigar da kaya, a fitar da rasit a takarda, a aika saƙo ɗaya zuwa lambar Najeriya. Ba wa yaron sikeli ya gwada a tsohuwar wayarsa, a cikin sito inda intanet ke rarrafe, ba a kwamfutar mai aikin ba.

Wanda ka zaɓa, raba masa biya huɗu: kafin alƙalami, bayan gwajin farko, ranar fara aiki, da kason ƙarshe bayan wata guda ana amfani. Kafin ka saki na ƙarshen, ka sa a goge manhajar gwaji a gabanka a dawo da ita daga ajiyar kwafi, ka riƙe agogo ka ga minti nawa ta ɗauka. Sannan ka shiga kowane asusu da hannunka, ka canja kalmar sirri.

Hattara: kada a sa ranar fara aiki a Sha'aban ko Zulƙida. Sa ta a Safar ko Rabi'ul Awwal, lokacin da sito ya yi sauƙi, kuma littafin rasit na hannu ya zauna a aljihun tebur har wata biyu.